Gayya Sai Mai Gona Ya Kira: Shekara Biyu Babu Baffa Saje

Shekara biyu ke nan da rasuwar Baffa Saje, amma ni lissafina ba daga ranar da aka kai shi makwancinsa yake farawa ba. Daga wata azahar yake farawa, a daminar da ta gabaci rasuwarsa, lokacin da fanka ta tsaya cak a ɗakin Innata a Magarya, can ƙasar Nijar. Ina kwance a tabarma da tsohon ciki, ƙafafuna sun kumbura kamar taɓarya biyu. Ko kai ban ɗaga ba. Mutumin Azare ba ya mamakin ɗauke wuta, sai dai in ta daɗe ba a ɗauke ba mu tambayi juna ko lafiya. Har na tsokani Inna, na ce, "Ashe ku ma kuna ɗanɗanawa." Ba ta yi dariya ba. Ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu tana sauraren unguwa. Injin niƙa ya yi shiru, rediyon mai shago ya yi shiru. Sai wata maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Hajiya, kuran ɗin nan fa ba lalacewa ya yi ba. Mutanen 'yarki ne suka yanke."

Kuran suke ce wa wutar lantarki a can. Mutanen 'yarta kuwa mu ne, 'yan Najeriya. A wannan lokacin yaron cikina ya yi juyi. Har yau, wallahi, in ina zaune a ɗakina a Azare fanka ta tsaya, sai in zabura in miƙe kafin hankalina ya gaya mini cewa wannan ɗaukewar tamu ce ta kullum.

Ga wanda bai san mu ba: mahaifina ɗan Katagum ne, ya rasu ina ƙarama. Mahaifiyata Badamagariya ce, da ta fita takaba ta koma gida Magarya, ni kuma yayan mahaifina ya riƙe ni. Shi ne Malam Manu, wanda daga tasha har kasuwar Azare kowa ke kira Saje, don da wannan muƙamin ya bar aikin soja. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kama sunana ba, Uwata yake ce mini. Shi ya sa ni a makaranta har na gama sakandare, shi ya aurar da ni. Da cikina na fari ya tsufa sai aka yi abin da aka saba, aka kai ni goyon ciki gaban uwata, in haihu a can, in yi wankan jego, bayan arba'in danginta su mayar da ni ɗakina. Baffa da kansa ya raka ni har bakin iyaka. Ya tsaya a layi da sandarsa, aka buga mini hatimi, alhali ga mutane nan suna ta wucewa ta gefen shingen ba wanda ya ce musu kanzil.

Ina can sojoji suka kifar da gwamnati a Yamai. Yamai da nisa, mu a Magarya abin ya zo mana kamar labarin wata ƙasa. Sai da shugabannin maƙwabta suka taru, namu a kan gaba, suka ba da wa'adin mako guda: ko a mayar da mulki, ko a shigo da ƙarfi. Aka rufe iyaka. Aka yanke wuta. A nan labarin ya tashi daga rediyo ya shigo tsakar gida.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Hamma Habu. Ɗan Baffa ne na fari, shi ya riƙa goya ni zuwa firamare in ruwa ya cika hanya, kuma soja ne, yana wani bariki a nan Arewa. Ba sai an yi mini dogon bayani ba. In za a shiga Nijar ta ƙasa, ta wajenmu za a bi, kuma irin su Hamma za a tura. Matan unguwa ma sun san haka. Wata tsohuwa da ke zuwa shafa mini ciki ta ce, "In naku sun iso, 'yar nan, ki fito bakin ƙofa da cikinki ki gaya musu nan gidan surukansu ne, su yi harbi a hankali." Aka yi dariya. Ni ma na yi, sannan na shiga banɗaki na yi amai.

Mutane suka fara ɗaure kaya. Wasu suka tafi ƙauyuka. Jirgi ya wuce ta sama wata safiya, ko na waye oho, yara suka watse daga makarantar allo suna ihu. A asibitin da zan haihu aka ce maganin da ke buƙatar sanyi ya fara lalacewa. Maigidana ya kira daga Azare ya ce ya samo ɗan acaɓa da ya san barauniyar hanya, za su zo su ɗauke ni ta cikin jeji. Na ce ya zo yau, kada ya bari gobe. Amma ba ya iya motsawa sai ya gaya wa Baffa, Baffa kuwa ya ce a ba shi ni a waya.

"Uwata, wa ya kai ki gidan nan?"

"Kai ne, Baffa."

"Ta ƙofa ko ta katanga?"

"Ta ƙofa."

"To ta ƙofa za ki fito. Mace da cikin haihuwa a kan babur, cikin jeji, da damina, ga masu bindiga kowa ransa a ɓace, wannan ɗaya ke nan. Na biyu, in na aiko aka sato ki daga ɗakin uwarki ba ki haihu ba, ba ki yi arba'in ba, me na gaya wa mutanen gidan? Na ce musu mun kwashe namu, saura ku ji a jikinku. Ni ba zan faɗi wannan maganar ga matar ƙanena ba."

Ban taɓa ɗaga wa Baffa murya ba sai ranar. Na ce, "Baffa, al'ada ce za ta tare mini harsashi?"

Ya ce, "A'a. Al'ada ba ta tare harsashi. Amma akwai abin da aka ajiye don ya tare. Ke da na biya wa kuɗin jarrabawa, kin manta karatunki?"

Ban manta ba, ban dai taɓa ɗaukarsa abin amfani ba. A darasin gwamnati an koya mana cewa tsarin mulki bai yarda shugaban ƙasa ya tura soja yaƙi a wajen ƙasa ba sai dattawan majalisa sun amince. Mun haddace shi kamar yadda muka haddace sunayen koguna, don mu zuba a takarda mu wuce. Baffa ne kaɗai a gidanmu ya ɗauki wannan layin da zafi. In ina bita a gindin darbejiya sai ya ce in sake karanto masa wurin, in fassara masa, in sake. Goggo, matarsa, takan ce, "Malam, ka ƙyale yarinya ta ci abinci, majalisa ce za ta aure ta?" Shi kuma ya ce, "Ke ba ki taɓa shiga jirgin da ba ki san inda zai sauke ki ba."

Shi ya taɓa. A zamanin aikinsa an kai su wata ƙasa a bakin teku aikin kwantar da tarzoma. Ba ya son ba da labarin. Abin da na tsinta a bakinsa cikin shekaru bai wuce wannan ba: ranar da suka sauka mata suna yi musu guɗa, ranar da suka taso babu wanda ya raka su. Ya dawo da kunne ɗaya a toshe, kuma har ya koma ga Allah in yara suka ƙona taya a unguwa sai ya bar gidan, don ƙaurin yana tuna masa da can. Yakan ce can ma kiransu aka yi, ga yadda ta kaya, to ina ga wanda ya je ba a kira shi ba?

Wannan magana ta kira tana da tushe a gidanmu, kuma Hamma Habu ne tushen. Bayan Baffa ya yi ritaya ya koma noma a gonar gado a Katagum. Gonar da ke jikin tamu ta wani dattijo ce da ya rasu, 'ya'yansa biyu suka kasa daidaitawa a kan rabo, kowa ya yi fushi ya janye hannu. Damina ta yi nisa, ciyawa ta shaƙe geron. Hamma yana saurayi a lokacin, jini na tafasa, ya kasa kallon hatsi yana mutuwa. Ya tara abokansa, suka ɗauki fartanya, suka shiga suka nome gonar tas, ba su gaya wa kowa ba. Don Allah suka yi. Amma cikin zafin aiki suka haɗa da gambar da ke tsakiyar gonar suka tumɓuke, suna ganin ciyawa ce kamar sauran. Ita kuwa gambar nan marigayin ne ya dasa ta da hannunsa, ita ce iyakar da ya nuna wa 'ya'yansa kafin ya rasu, ita kaɗai ce abin da su biyun ba su yi musu a kai ba. Kashegari babban ya ce ƙaramin ne ya yi hayar samari su share iyaka. Ƙaramin ya ce babban ne. Aka zare adda, aka sari mutum a kafaɗa, magana ta kai gaban dagaci. 'Yan'uwan da a da gaisuwa kawai suka daina, suka koma ba sa bin sahu ɗaya a masallaci.

Baffa bai daki Hamma ba. Ya sa shi ya je fadama ya haƙo gamba, ya ɗauko a ka, ya dasa a gaban dattawa inda suka nuna masa, ya riƙa zuwa yana ba ta ruwa har ta kama. Abin da ya gaya masa ranar kowa a gidanmu ya haddace: gayya sai mai gona ya kira. Wanda ya shiga gonar wani da fartanya ba a kira shi ba, ko da niyyarsa fara ce kamar nono, bai san wace ciyawa ce ciyawa ba, wace ce iyaka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya faru a Azare a ranar Juma'ar da ta gabaci cikar wa'adi, maigidana ne ya ba ni labari, don shi ya bi su. Bayan an sauko daga masallaci Baffa ya ciro tsohon kakinsa daga akwati ya saka, maɓallan tumbi sun ƙi haɗuwa. Ya bi ta kasuwa ya ɗauki amininsa Alhaji Modu, Babarbare mai sayar da kanwa, wanda asalinsa mutumin Nijar ne, 'yan'uwansa duk suna can. Baffa kuwa Bafillace ne, tsakanin Bafillace da Babarbare kun san ba a gaisawa sai da tsiya.

"Kai Bafillace, ina za ka da wannan rigar da ta shaƙe ka kamar buhun da aka cika? Kai za ka ja yaƙin?"

"Zan je roƙo ne kada a kashe mini bayina, wa zai riƙa ɗauko mini kanwa?"

"Bayin wa? Kakanka da kakan saniyarsa a rijiyarmu suka sha ruwa, har yau ba ku biya guga ba."

"To taso mu je, bawa ba ya barin ubangidansa ya tafi shi kaɗai."

Suka tafi gidan wani ɗan majalisa na yankinmu. Mai gidan yana Abuja, don washegari za su zauna a kan buƙatar da shugaban ƙasa ya aika musu. Tsofaffin nan biyu suka shimfiɗa buzu a zaure suka ce za su jira. Ƙanen mai gidan ya ga da gaske suke, ya kira yayansa a waya, ya buɗe murya kowa na ji. Maigidana ya ce Baffa bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, bijimi komai ƙarfinsa igiyar hanci ke juya shi, ku ne igiyar. Ina da ɗa a bariki, ina da 'ya a Magarya tana jiran haihuwa. Gobe za a tambaye ku. Duk wanda zai ce ya yarda, ya fara biyowa ta gidana ya zaɓa mini wanda zan yi wa salla a cikinsu." Alhaji Modu ya matso kusa da wayar ya ce, "Wannan Bafillacen bai taɓa faɗin gaskiya ba tun da na san shi, sai yau." Ya faɗa yana share ido da bakin rawani.

Ban ce Baffana ne ya juya majalisa ba. Malamai sun yi magana, sarakuna sun yi, 'yan kasuwa sun yi, duk wanda ke da ɗan'uwa a tsallake ya yi, kuma a ƙasar nan tamu waye ba shi da shi? Muryarsa ɗaya ce cikin dubu. Abin da na sani shi ne ya san ƙofar da ake bugawa. Bai je bakin bariki ya yi kuka ba, bai zagi kowa a rediyo ba. Ya je wurin waɗanda doka ta ba igiya ya ce su ja.

Yanzu shekaru sun ɗan ja, sai ga jarumai sun fito. Ina ganinsu a waya, ina jinsu a shagon ɗinki, ina jinsu a gidan biki. Wai da an shiga a lokacin da an koya musu hankali, da yanzu an huta. Wai majalisa tsoro ta ji. Wani ma a gabana ya ce kwana uku ya isa a gama. Na dube shi na ce, "Malam, a wane ɗaki ka kwana a cikin makon?" Ya ce a ɗakinsa. Na ce to ni a inda za a jefa abin na kwana, kuma ban ba ka izinin yin jarumta da cikina ba. Aka ce na cika baki, mace ce ni, in bar maganar manya. Ba zan bari ba. Wanda aka auna da bindiga yana da bakin magana a kan bindiga fiye da wanda ya gan ta a hoto. Yaƙi ɗan zamba ne, wanda ya kira shi ba shi yake fara ci ba.

Kada wani ya ɗauka ina wanke masu juyin mulki. Baffa ya tsani juyin mulki kamar yadda ya tsani ƙaurin taya. Ya yi aiki a ƙarƙashin gwamnatocin soja, ya ce bai taɓa ganin wadda ta sauka ranar da ta yi alkawari ba. Wurin soja bariki, haka yake faɗa ko a gaban ɗansa. Mutanen Magarya da na zauna da su ma ba bakinsu ɗaya ba, akwai masu murna, akwai masu zagi a ɓoye. Amma ranar da aka ce za a shigo musu daga waje, mai murna da mai zagi suka zama abu guda. Na gani da idona. Kawuna, wanda ya fi kowa sukar sojojin nan, shi ya fara cewa in an buɗe rajistar sa kai zai rubuta sunansa. Abin da wa'adin ya saya ke nan. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, amma ba a taɓa jin an kira maƙwabci ya zo da guduma ya sasanta su ba.

Nakan tambayi kaina me Baffa zai ce da ya ga duniyar yau. Kwanan baya ana ta faɗa a rediyo cewa wata babbar ƙasa tana kwaɗayin yankin wata ƙaramar ƙasa, kuma ba abokiyar gaba ba, ƙawarta ce da suka yi rantsuwar kare juna. 'Yan majalisar babbar ƙasar wasunsu suna ta fafutikar ɗaure hannun shugabansu. Na san da yana nan zai kara rediyon a kunnensa mai ji, ya ce, "Uwata, kin ji ko? Har can ma sai da igiya." Zai kuma ce abokin da ke auna gonarka da ido ya fi ɓarawo haɗari, don shi ka nuna masa inda rumbu yake.

Da kuma aka fara jin wasu daga ƙetare suna cewa za su shigo ƙasarmu su gyara mana tsaro ko muna so ko ba ma so, sai na ga abin mamaki. Samarin nan da suka so a afka wa Nijar su ne suka fi kowa ihun cewa ƙasarmu mai 'yanci ce, ba a taka mana iyaka. Gaskiya suka faɗa. Amma iyaka fuska biyu gare ta. Ba za ka ce gambar da ke kare gonarka tsarkakakkiya ce, wadda ke kare ta maƙwabcinka ciyawa ce ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Kuma Baffa ba cewa ya yi kada a taimaki maƙwabci ba. In mai gona ya kira, a je, a je da yawa, a tafi da abinci ma. Sai dai a tambayi mutanen gida kafin a fita da shanun huɗa, ba a dawo da su da rauni sannan a ce ku yi haƙuri ku sa albarka ba.

Akwai wurin da nake ganin igiyar nan ta gaza, kuma zan faɗa. Tura soja sai an tambayi majalisa, amma rufe iyaka da yanke wuta ba a tambayi kowa ba. Ba a harba harsashi ko ɗaya ba, duk da haka akwai waɗanda abin ya kashe, masu jiran magani, masu jiran abinci. Ni abin da ya ci mini shi ne Baffa. Na haihu lafiya, namiji, aka sa masa sunan Baffa. Na yi arba'in, iyaka a rufe. Kaka ta wuce, sanyi ya shigo, iyaka a rufe. Maigidana ya riƙa zuwa ta jeji yana ganinmu, sau ɗaya har aka tsare su aka kwantar da su a ƙasa. Duk lokacin da aka tayar da maganar a taho da mu ta wannan hanyar, Baffa ya ce a jira ƙofa. Jikansa a waya kawai ya gan shi, yana ɗaga wayar nesa da fuska yana cewa, "Wannan goshin na Barebari ne, a sake dubawa," don Alhaji Modu da ke gefensa ya ji.

Da ciwonsa ya tashi na ce ko ta halin ƙaƙa zan taho. Saƙon da ya ba Goggo ta faɗa mini shi ne, "Ku gaya wa Uwata kada ta ɗora mini takwara a babur." Ya rasu ana saura kaɗan a fara azumi. A cikin azumin aka buɗe iyaka. Na shigo ta ƙofa, aka buga mini hatimi, na iso Katagum na tarar da ƙasar kabarinsa ba ta gama bushewa ba.

Na yafe masa duniya da lahira, shi ma na san ya yafe mini ɗaga muryar da na yi. Amma ban daina yi masa gardama a zuciyata ba. Wata rana nakan ce ya yi daidai, wata rana in ce taurin kan tsohon soja ne ya hana ni riƙe hannunsa. Abin da ban taɓa shakka a kai ba shi ne, abin da ya nema daga shugabanni shi ya fara ɗora wa kansa. Ya ce su bi ta ƙofa ko da ƙofar tana da jinkiri, shi ma ya jira ƙofa har jiran ya ci masa ganin jikansa. Mutane da yawa suna son doka ta ɗaure wani. Kaɗan ne ke miƙa nasu hannun.

Bai bar dukiya ba, kakin ma Goggo ta ba Hamma. Abin da ya bari a wurina shi ne kunne. Yanzu in aka ce majalisa ta zauna, nakan ajiye tsintsiya in saurara, ni da a da in aka fara labaran majalisa nake murɗa rediyo. Na san da yawansu ba waliyyai ba ne, na san akwai ranakun da suke ba mu kunya. Igiya ko ta tsufa ba a yar da ita a saki bijimi, sai dai a sake tufka ta. Masu neman ƙuri'a sun kusa fara zagayowa da atamfa da sabulu. Duk wanda ya yi sallama a ƙofata, tambaya ɗaya zan yi masa: in aka zo maka da buƙatar tura 'ya'yanmu ƙasar maƙwabta da bindiga, za ka iya duban mai buƙatar ka ce a'a? In ya fara kame-kame, ya ɗauki sabulunsa. Tsoron da na ji bai fita daga jikina ba, wataƙila ba zai fita ba, amma ba zan bari ya zama na banza ba.

Na san barazanar ba a rana ɗaya ta mutu ba, an ci gaba da kaɗa gangar yaƙi har wasu makonni. Amma ni ranar Asabar ɗin da majalisa ta zauna ce aka sauke mini dutse daga ƙirji, ana gobe wa'adi zai cika. Tun safe ban sa komai a bakina ba. Bayan la'asar muna zaune a tsakar gida, ni da Inna da matan da ba su gudu ba. Wayar da aka kai caji wurin mai sola aka dawo da ita, ko zama ba ta yi a hannuna ba ta fara ƙara. Baffa ne. Muryarsa ta cika gidan.

"Uwata! Sun zauna. Sun ce a'a. Sun ce a je a yi magana, ba a ba da izinin soja ba."

Na ce, "Hamma fa?"

"Hammanki yana barikinsa, yanzu muka gama waya. Ba zai taka ƙasar uwarki da bindiga ba."

"Baffa, in suka ƙi jin majalisar fa? In suka shigo duk da haka?"

"To sun yi nasu juyin mulkin ke nan, sai su fara tura soja gidan kansu. Ki kwantar da hankalinki ki haihu. Ba ni Innarki."

Na miƙa mata wayar da hannu biyu. Na ji ya sauke murya, ya gaishe ta gaisuwar surukai tun daga farko, ya gida, ya damina, ya mai nauyi, kamar babu abin da ya faru. Sannan ya ce, "Hajiya, a yi mana haƙuri da abin da namu suka yi. In Allah ya sauke ta lafiya ku aiko, za mu zo suna."

Inna ta ce, "Allah ya kawo ku lafiya, Malam. Gida naku ne."

Ni kuma na ce a zubo mini tuwo.